Zargen Yana Hannuna

Kafin ku cika mini ƙasan rubutun nan da wa'azi, bari in sauƙaƙe muku: ban kashe kowa ba. Matar tana nan da ranta, har ta fi ni ƙiba. Amma na yi sakan uku cur ina tunanin abin, kuma duk wadda ta ce ita ko kusa ba zai zo mata a rai ba, to ba a taɓa zuwa har falon uwarta an ƙi shan ruwan gidansu ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ma'aikaciyar jinya ce ni, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin da ake zura wa mutane kyamara a ciki. Wasu ta baki, wasu ta inda ba a ambata a gaban surukai. Shekara huɗu ke nan ina wannan aikin. Na ga cikin alƙali, na ga cikin ɗan dako, kuma ina tabbatar muku babu wanda aka rubuta sunan gidansu a jikin hanjinsa.

Saurayina, ko in ce tsohon saurayina, ko in ce wanda har yanzu ban san sunan da zan ba shi ba, injiniya ne. Shi ya kula da ginin sabon ɓangaren asibitinmu, a nan muka haɗu. Dogo ne, mai sanyin magana, mai guga wa rigarsa kari kamar zai yanka mutum da ita. A leɓensa na ƙasa akwai wasu ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe, kamar ya tauna biro yana yaro bai goge ba. Nakan tsokane shi da su. Yakan kuma dafe ciki bayan ya ci abinci ya ce olsa ce. Ku riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

Wata takwas da suka wuce mahaifiyarsa ta zo gidanmu don ta ga Umma. Ranar Umma ta cire ledar da ke kan kujeru, ta goge hoton marigayi Baba, ta buɗe kabet ɗin gilas ta fito da kofunan nan masu bakin zinare da tun ina yarinya sau uku kacal na ga an sha ruwa da su. Hajiya ta shigo cikin leshi ruwan makuba, awarwaro tun daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu, da jan-baki mai duhu da aka shafa da kauri kamar fenti. Ta zauna a gefen kujera, irin zaman wanda yake tsoron kada kujerar ta shafa masa wani abu.

Ta ce wa Umma, "Ba wai muna ƙin yarinyar ba ne. Amma mun ji ciwon da ya ɗauki mahaifinta, ciwon dajin hanji, an ce irin wannan yana bin jini. Mu kuwa, alhamdu lillahi, tun kaka da kakanni ba a taɓa kwantar da namu a asibiti ba sai don haihuwa."

Daidai nan na durƙusa na ajiye tire a gabanta. Ta bi hannuwana da kallo.

"Kuma an ce da hannun nan kike aikin... wancan wurin?"

"Da safar hannu, Hajiya."

"Safar hannu ai ba ta hana wari."

Ta sa farce ɗaya ta ture kofin zuwa tsakiyar tire. Ba ta sha ba. Bayan ta tafi, Umma ta wanke kofin nan sau uku, kofin da ko leɓe bai taɓa ba, ta tura shi can bayan sauran. Ni kuwa na ɗauki waya na canza sunan matar zuwa BA TA SHAN RUWA.

Saboda mutuwar Baba na nemi aiki a wannan ɗakin. Da an duba shi da wuri, da an cire abin tun yana ɗan tsiro. Ni kaina an duba ni, hanjina fes. Amma wa ya tambaye ni?

Injiniya kuwa, tun daga ranar ya koma mai aiko saƙo. Kullum da safe: "Barka da asuba, hasken raina. Ina nan ina lallaɓa Mama." Da yamma: "Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan." Wata takwas yana lallaɓa mace ɗaya. Ginin bene mai hawa uku bai ɗauke shi haka ba.

Ranar Talatar da zan ba ku labari, ina ɗaura igiyar takalmi a bakin ƙofa Gwaggo ta fito da kofin shayinta. Yayar Baba ce, tun rasuwarsa ta tare a ɗakin baƙi don ta taya mu zaman kwana bakwai, yau shekara biyar.

Ta ce, "'Yar nan, na ce ki nemi a mai da ke ɗakin jarirai. Aiki mai tsabta, mai ƙamshin hoda. Matar nan za ta sauko."

"Gwaggo, jarirai ma suna kashi."

"Rufe mini baki! Ke kullum sai ki ce ke ce daidai. Sa'o'inki suna yaye na biyu, ke kina can kina leƙen..." Ta dubi Umma, ta haɗiye sauran da shayi.

Umma ta miƙo mini jakata. "Je ki, kada ki makara."

Ƙarfe bakwai da rabi na ɗauki takardar jerin marasa lafiyan ranar daga kan teburin Likita. Mutum biyar. Na uku, mace, shekara hamsin da takwas, ƙarancin jini da murɗawar ciki, hoto ya nuna tsiro a ƙarshen ƙaramin hanji. Na karanta sunan. Na sake karantawa. Na zauna.

Jama'a, akwai addu'ar da mutum ba ya yi da baki saboda kunya, amma Allah yana jin ta.

Likitarmu gajeriyar mace ce mai furfura, ba ta ɓarnar magana. Na same ta tana wanke hannu.

"Likita, ta ukun nan na san ta."

"Duk garin nan wa ba ki sani ba?"

"Ba sanin alheri ba ne."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Abokiyar aikinki tana hutun haihuwa. Ke kaɗai kika iya riƙe zargen cire tsiro. In ba za ki iya ba ki faɗa yanzu, in ɗaga. Ita ma za a tambaye ta."

"Zan iya."

Na sami Hajiya a bayan labule, zaune a bakin gado cikin shuɗiyar rigar asibiti, irin mai buɗaɗɗen baya da igiya biyu. Babu leshi. Awarwaron suna cikin ledar da aka rubuta lambar gado a jikinta. Fuskar ta zabge. Jan-bakin nan kaɗai ya rage daga Hajiyar da na sani.

Ta ce, "Ke ce?"

"Ni ce, Hajiya. Ina kwana? An tashi lafiya?"

Tambayar mugunta ce, na sani. Duk wanda za a duba wa hanji sai ya wuni ba abinci, ya shanye lita huɗu na maganin wanke ciki mai ɗanɗanon ruwan gishiri da sabulu, ya yi ta zarya tsakanin gado da banɗaki. Matar da ta ƙi kofi ɗaya a gidanmu ta sha lita huɗu don ta zo ɗakina.

"Babu wata?"

"Akwai. Za ta dawo bayan wata biyu. In kina so a ɗaga sai a ɗaga, hakkinki ne. Sai dai za ki sake shan maganin daga farko."

Ta rufe ido. "A yi."

Na buɗe fayil, na ciro biro. "Wa ya rako ki?"

"Direba yana waje. Yara ba su sani ba. Na ce musu ta'aziyya na tafi."

"To. Tambayoyi ne da muke yi wa kowa." Na gyara tsayuwa, na karanta a hankali, kalma bayan kalma, yadda ba za ta ce ba ta ji ba. "A danginku, uwa ko uba ko 'yan'uwa, akwai wanda ya taɓa yin ciwon hanji?"

Ta kalli labule. "Babu."

"An taɓa yi miki tiyata?"

"Haihuwa."

Da na zo manna mata wayoyin auna bugun zuciya sai rigar ta zame. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga wani tsohon tabo, a tsaye, ya taso daga ƙasa ya haura cibiya da kusan taƙi guda.

"Hajiya, jaririn nan ta ƙirji aka ciro shi?"

Ta ja rigar ta rufe tabon. Na ɗauko auduga na jiƙa.

"Sai na goge jan-bakin. In an ba ki maganin barci, launin leɓenki muke kallo mu san kina samun iska."

Ta kawar da kai, na bi ta da audugar. Shafa ɗaya, shafa biyu. Sai hannuna ya tsaya.

Ɗige-ɗige baƙaƙe, ƙanana, a leɓen ƙasa. Sun ɗan koɗe saboda shekaru, amma suna nan. Na ce ta buɗe baki, na haska. Cikin kumatunta ma ga su nan birjik.

Na karanta wannan a makaranta. Na taɓa ganin mutum ɗaya da shi a ɗakin nan. Akwai wani ciwo na gado da ke sa tsiro ya yi ta fitowa a ƙaramin hanji, kuma alamarsa a leɓe take. Shekara biyu ina kallon alamar nan a bakin Injiniya, ina yi mata kirari. An ce so hana ganin laifi. Ashe har karatu yana gogewa.

Na kira Likita na nuna mata. Ta duba leɓen, ta duba tabon, ta ce, "Hmm." A bakinta wannan doguwar lacca ce.

Aka kwantar da Hajiya ta gefen hagu, mai ba da maganin barci ya yi aikinsa, na manna mata faifan da ke mai da wutar lantarki zuwa na'ura a cinya. Muka fara.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don ku fahimci girman zunubin da na kusa yi. Kyamarar doguwar baƙar tiyo ce mai kaurin yatsa, da fitila a bakinta. Likita ce ke tuƙa ta, tana kallon allo. Za ta bi babban hanji da duk kwanoninsa har ƙarshe, inda akwai wata 'yar ƙofa ta nama da ke shiga ƙaramin hanji. Ta nan kyamararmu ba ta iya wuce kamar taƙi ɗaya ko biyu. A jikin tiyon akwai siririyar hanya da ake zura kayan aiki. Bakin kayan yana can cikin mutum, mariƙinsu yana hannuna.

In tsiron ƙarami ne, kamar ƙwayar wake, sai a zarga masa waya a tsinke shi haka nan, ba wuta. In babba ne, sai da wutar lantarki, don ta yanka ta kuma ƙone jijiyar kada jini ya ɓalle. Matsalar ita ce bangon ƙaramin hanji siriri ne, bai kai na babban hanji ba. Kuskure kaɗan ya ɓule. Shi ya sa ake fara yi wa gindin tsiron allurar ruwan gishiri mai shuɗin launi, ya kumbura ya ɗaga shi sama kamar an sa masa matashi, ya raba shi da tsokar da ke ƙasa.

Cikin minti goma sha biyu muka isa ƙofar. Likita ta lanƙwasa, ta zame ciki. Ga shi nan ya cika rabin allon: ja, mai ƙulli-ƙulli, kusan girman ƙwan tantabara, zaune a kan gajeren wuya mai kauri.

Likita ta ce, "Allura."

Na zura.

"Fito da ita. Tura."

Na tura ruwan. Gindin ya kumbura ya yi shuɗi.

"Ya isa. Zarge."

Na zura zargen, wata siririyar waya mai buɗewa kamar bakin jaka. Mariƙinsa yana da zobe uku, babban yatsa a ɗaya, yatsu biyu a sauran.

"Buɗe."

Na buɗe. Ta juya kyamarar a hankali har wayar ta faɗa wuyan tsiron.

"Rufe. Sannu-sannu."

Ga sirrin da ba a rubuta a jikin bango ba. Likita tana gani, amma ba ta ji. Ni ke ji. In zargen ya kama tsiro kaɗai, a yatsana yana da laushi, yana ba da kai. In ya haɗo da tsokar bangon hanji, sai ya yi tauri, ya riƙa turo yatsana baya kamar ana matse roba. Allon ba kullum yake nuna wannan ba, musamman in gindin yana bayan lanƙwasa. Babu na'urar da ke rubuta shi. Daga ni sai yatsana sai Allah.

Na rufe, na rufe. Sai na ji taurin.

Likita ta kai ƙafarta kan fedar wuta. "Ya yi?"

Sakan na farko, na tuna takardar da Hajiya ta sa wa hannu da safe. Layi na huɗu: akwai yiwuwar hanji ya ɓule, a garzaya da mutum tiyata. Abu ne da ke faruwa ko a hannun gwanaye. Ba wanda zai tuhume ni. Ni da kaina zan tura gadon, har in yi mata sannu.

Sakan na biyu, na ga Umma a bakin famfo tana wanke kofi mai tsabta.

Sakan na uku, na dubi fuskar matar. Bakinta a buɗe, miyau yana bin gefen matashi, tana minshari ƙasa-ƙasa. Sai na ga asarar da zan yi. In hanjin nan ya ɓule, za ta farka a matsayin wadda asibiti ya cuta. Za a cika ɗakinta da 'yan dubiya, ta sami labarin da za ta yi ta bayarwa har ta mutu, kuma a labarin hannuna ne zai zama mai wari. A'a. Ina son ta farka garau, da kunnenta biyu, ta ji abin da Likita za ta faɗa.

Zan so in ce muku tsoron Allah ne ya fara zuwa. Ya zo, amma a bayan wancan ya iso, yana haki.

Na ce, "Likita, dakata. Da tauri. Kamar na haɗo da tsoka."

Ta ɗauke ƙafa nan take. "Saki."

Na saki. Ta ƙara iska, ta leƙa bayan gindin. Ruwan allurar bai kai can ba, bangon ya tattaro ya shigo cikin zargen. Sannan ta ce, "Allura kuma."

Muka ƙara ruwa ta baya har tsiron ya miƙe tsaye kamar an kira sunansa. Ta sake zarga wayar, wannan karon sama kaɗan. Na rufe. Laushi.

"Yanzu fa?"

"Ya yi."

Ta taka. Na'urar ta yi ƙara, ɗan hayaƙi ya tashi a allon, ina matsewa daidai da takunta, ba sauri kada ya yi jini, ba nawa kada wutar ta ci bango. Tsiron ya gangara gefe. Wurin ya fito shuɗi, fes, babu rami. Muka ɗinke bakin da ƙananan maƙalai uku na ƙarfe, na zura 'yar raga muka kamo tsiron, muka fito da shi. Na jefa shi a kwalba, na rubuta sunanta a jiki da kyakkyawan rubutu. Ban taɓa ƙawata rubutu kamar na ranar ba.

Likita tana cire safar hannu ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kin ɗan jima kafin ki amsa."

"Ina tabbatarwa ne."

"Hmm."

Bayan awa ɗaya Hajiya ta wartsake. Likita ta ja kujera ta zauna a gefen gadon, ni ina tsaye da fayil.

"Hajiya, an cire, lafiya lau. Za a kai ɗakin gwaji, sakamako sai bayan mako biyu. Amma ina so ki gaya mini gaskiya. Tabon nan na mene ne?"

Hajiya ta amsa da wata murya da ban san tana da ita ba: "Ina da shekara goma sha tara. Hanjina ya naɗe. Aka yanke wani wuri."

"Mahaifinki?"

"Ciwon ciki. Bai kai hamsin ba."

"'Yan'uwa?"

"Yayana. Shi ma."

Laifi tudu ne. Na sunkuyar da kai ina rubutawa, don kada a ga fuskata. A layin da ta ce babu, na ja layi ɗaya a kai, yadda doka ta ce, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa.

Likita ta ce, "Ina kyautata zaton na gado ne. Mai yiwuwa akwai wasu can sama inda kyamarar nan ba ta kai ba, za mu duba ta wata hanyar. Ba hukuncin kisa ba ne, in ana bibiya ana cirewa mutum yana tsufa da shi. Amma kowane ɗa da kika haifa, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, rabi da rabi ne. 'Ya'yanki nawa?"

"Uku."

"Ki kawo su duka. Kada a ja lokaci."

Likita na fita, Hajiya ta cafko hannuna. Hannun nan dai. Babu safa.

"'Yata."

Na waiga in ga ko wata ta shigo.

"'Yata, ki rufa mini asiri. Ana maganar auren autata, mutanen nan in suka ji, shi ke nan. Kin san halin mutane."

"Na sani, Hajiya. Na taɓa ganin irinsu."

Ta ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Zan yi wa yaron nan magana. Ya dawo, a sa rana."

Na zare hannuna a hankali, na gyara mata bargo.

"Hajiya, abin da na gani a ɗakin nan ba ya fita daga bakina. Ba don ke ba, aikina ne, ko ɗan dako haka nake yi masa. Ba sai kin biya ni da ɗanki ba. Amma ki gaya musu. Shi babban yana dafe ciki, kin sani."

"Zan gaya musu."

"Za ki iya shan ruwa yanzu. In kawo?"

Ta gyaɗa kai. Na kawo mata a kofin roba. Ta shanye tas, ta miƙo a ƙara.

Na koma gida da la'asar, ina tafe kamar an ɗaura mini fukafukai. Na tarar da Gwaggo a falo tana tsefe kai, Umma tana ninke wanki. Na yi wanka, na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Umma. Ban ce komai ba, ba kuma zan ce ba. Waya ta yi ƙara.

Injiniya ne. "Albishirinki!"

Ban ce goro ba. Bai jira ba.

"Ashe Mama asibiti ta je, direba ne ya faɗa. Ta ce ba komai, ɗan basir ne aka duba. Amma ji babban labari: TA AMINCE! Ta ce in zo gidanku ko gobe. Na gaya miki lallaɓawa tana aiki!"

Sai alamar zuciya guda bakwai. Na ƙirga.

Basir. Na karanta kalmar har sau uku. Wato matar nan ta auna ran ɗanta da sunan gidansu, sunan ya fi nauyi. Ni kuma ta yanke mini farashi, ta turo shi ta waya da zuciya bakwai, tana ganin in na shiga gidan bakina ya rufu har abada.

Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata, don idonta ba ya ganin ramin allura amma yana ganin saƙon wani daga tsallaken ɗaki. Ta saki kururuwar murna.

"Ta sauko! Ba na faɗa ba? Maza ki amsa, 'yar nan, kafin ta canza!"

"Zan amsa, Gwaggo."

Ba zan iya gaya masa abin da na gani a cikin uwarsa ba. Amma abin da ke leɓensa ba a fayil na gan shi ba. Da idona na gan shi, a kan bencin ƙofar gidanmu, shekara biyu. Wannan nawa ne.

Na rubuta: "Madalla. Sai dai mu ma gidanmu muna da sharaɗi. Ba ma ba da 'ya sai an duba lafiyar mai nema, ka san an koya mana darasi. Ɗigon da ke leɓenka da ciwon cikin nan naka ba su kwanta mini ba. Ka zo ka ga Likitarmu, ta duba ka ciki da bai. Kai da ƙannenka biyu. In ba haka ba, kada ka ɓata gugar rigarka."

Alamar "yana rubutu" ta fito, ta ɓace, ta fito.

"Wasa kike?"

"Lita huɗu ne maganin. Ka sa shi a firiji, ya fi shayuwa."

"To... in don wannan ne na yarda. Bari in gaya wa Mama."

"Yawwa. Gaya mata. Ka karanta mata saƙon nawa duka, kada ka tsallake ko kalma."

Ko zan aure shi? Kada ku tambaye ni yau. Mutumin da ya yi wata takwas yana lallaɓawa, ni ma ina da damar in lallaɓa. Abin da na sani shi ne zai kwanta a gadon nan ta gefen hagu, kuma duk abin da ke cikinsa za a cire shi tun yana tsiro, abin da Baba bai samu ba.

Ba a yi minti biyar ba wayar ta fara ruri a kan kafet. Gwaggo ta sunkuya tana karanta allon da ƙyar.

"Ba... ta... shan... ruwa. Wace ce kuma wannan?"

Na bar ta ta yi ta ruri har ta katse. Ta sake. Ta katse. Sai saƙo ya shigo, layi ɗaya, babu ko sallama: "Ina hanya. Ina son ganin mahaifiyarki."

Na miƙe, na gyara ɗankwalina a madubin kabet.

"Umma, ina makullin nan? Baƙuwa za mu yi."

Umma ta dube ni, ta dubi wayar. Ba ta tambayi ko wace ce ba. Ta ajiye wankin, ta kwance makullin daga bakin zaninta, ta buɗe kabet ɗin da kanta. Ta zura hannu can baya, ta wuce kofuna biyar, ta ciro na shidan.